Kabewar da ta yi ta fure ba ɗa: abin da ya faru a lambun Yaya

Yayata ce ta kira ni wata safiya, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ƙanina kai da kake ta karance-karancen shuke-shuken nan, don Allah zo ka duba min kabewata, fure kamar me amma ko ɗa ɗaya ta ƙi riƙewa." Na ce Yaya ko dai taki ne bai isa ba? Ta ce taki kam har ya so ya yi yawa, ruwa kuma safe da yamma ba fashi. Da na je na ga wurin da idona sai na yarda da ita, don ganyen nan kore shar, faɗinsa ya fi tafin hannuna biyu, yaɗo ya hau katanga ya sauko, furanni rawaya ko'ina, amma in ka ɗaga ganye sai ka tarar da 'yan ƙananan 'ya'ya kamar babban yatsa sun yi rawaya, bakinsu ya ruɓe, wasu sun riga sun faɗi ƙasa tururuwa na kai. Na tsinci guda ɗaya na matsa, sai ya lotse kamar soso. Kokwambar da ke gefe ita ma haka, wadda ta samu ta tsira sai ta fito a karkace, kai ƙato gindi siriri.

Bari in faɗi yadda lambun yake tukuna don labarin ya zauna. Fili ne a bayan gida, kamar mita 6 a tsaye mita 4 a kwance, katanga ta zagaye shi, kusan rabinsa an shafe da siminti. Akwai kabewa da kokwamba, layin tumatir, barkono kaɗan, ƙaramar bishiyar lemun tsami da ba ta kai tsayin mutum ba, sai tukwanen furannin ado irin masu cunkushewar nan da ke kama da ƙwallo. Tsaf-tsaf wurin yake, ciyawa ɗaya ba za ka gani ba, busasshen ganye yana faɗowa ana sharewa. Kowa ya shiga sai ya yaba. Ni ma na yaba, amma wani abu ya tsaya min a rai wanda ban gane shi nan take ba sai da na ɗan jima a tsaye: shiru. Lambu mai fure haka da hantsi ya kamata ka ji gunjin ƙudan zuma, nan kuwa ko motsi babu.

Ita kabewa, da kokwamba da kankana da duk danginsu, furensu iri biyu ne a jikin shuka ɗaya, akwai namiji akwai mace. Namijin kararsa siririya ce doguwa, cikinsa akwai ɗan tsinke mai gari rawaya. Macen kuma in ka duba ƙasan furen za ka ga ɗan kumburi, wato ɗan kabewar ke nan tun yana jariri. In garin nan na namiji bai isa cikin macen ba, kumburin zai ɗan yi kwana biyu-uku kamar zai girma sannan ya yi rawaya ya faɗi. Garin kabewa kuma yana da nauyi yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa kamar yadda take ɗaukar na masara, dole sai ƙwaro ya shiga namijin ya kwaso a jikinsa ya shiga macen. Kuma zuwa ɗaya ba ya isa, sai an yi ta zarya, shi ya sa in barbarar, wato kai garin namiji cikin macen, ta yi rabi da rabi ɗan yake fitowa a karkace. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne furen kwana ɗaya gare shi, ya buɗe da sassafe, kafin rana ta take ya rufe, shi ke nan an wuce wurin.

Amma ban so in yanke hukunci da ka ba, don zubar 'ya'ya ba rashin ƙwari kaɗai ke kawo ta ba. Zafi mai tsanani yana sa haka, takin da ya yi yawa yana sa shuka ta tafi ganye ta manta da 'ya'ya, sannan farkon furen kabewa yawanci maza ne zalla, mutum sai ya ɗaga hankalinsa a banza. Don haka na ce mata mu gwada abu biyu. Washegari na dawo wajen ƙarfe 7 na safe, muka ɗauko kujeru muka zauna gaban furanni shida da suka buɗe, na sa agogon waya minti 15, duk abin da ya sauka a fure mu ƙirga. Abin da muka samu ƙuda ɗaya ne irin na gida da tururuwa, ƙudan zuma ko ɗaya. Sai gwaji na biyu, na tsinko furen namiji na yage rawayan ganyensa ya rage tsinken, na shiga goga shi a hankali a tsakiyar furen mace har garin ya manne, muka yi wa mata biyar haka muka ɗaura musu jan zare, sauran muka bar su yadda suke. Bayan sati ɗaya huɗu cikin biyar masu zare sun kai girman dunƙulen hannu suna sheƙi, marasa zare kuwa duk sun zube. Yaya ta tsuguna tana shafa ɗaya ta ce, "Ashe ba ƙasar ba ce." Na ce ba ƙasar ba ce Yaya, masu aikin ne babu.

To ina suka tafi? Amsar tana rataye a bayan ƙofar lambun, ɗan famfon feshi da kwalbar magani. Maigidanta ne yake feshi duk Asabar da safe, kuma da kyakkyawar niyya yake yi, don ya taɓa ganin ƙananan ƙwarin nan masu manne wa bayan ganye suna tsotse shi har ya nannaɗe, mai sayar da maganin ya ce masa ya riƙa fesawa duk sati ko ya ga ƙwari ko bai gani ba. Na karanta takardar jikin kwalbar, sinadarin da ke ciki imidacloprid ne. Wannan yana cikin dangin magungunan da ake kira neonicotinoid, kuma matsalarsu ita ce ba a saman ganye kawai suke tsayawa ba, shuka tana shanye su su bi jikinta gaba ɗaya, har cikin ruwan zaƙin fure da garin fure, wato daidai abincin ƙudan zuma. Wanda bai mutu nan take ba yana iya rikicewa ya kasa gane hanyar gida. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da guda uku daga cikinsu a fili, imidacloprid da clothianidin da thiamethoxam, saboda ƙudan zuma. Ga shi kuma lokacin da yake feshin, safiya, shi ne daidai lokacin da furen kabewa ke buɗe.

Maganar da na yi da shi ita ce mafi nauyi a duk aikin nan, don mutum ne mai son lambun, shi yake sayen maganin da kuɗinsa shi yake ɓata safiyarsa. Na ce masa Yaya ba laifinka ba ne, abin da aka gaya maka ka yi. Ya ce, "To ƙanina in na daina, ƙwarin nan ai cinye mana komai za su yi." Na ce za su ƙaru na ɗan lokaci, ba zan ɓoye maka ba, amma ka ba ni wata biyu. Ya yi shiru ya kalli kabewoyin masu jan zare, ya ce shi ke nan, wata biyu.

Kuma sun ƙaru ɗin. Sati uku na farko wallahi ba daɗi, bayan ganyen barkono ya cika maƙil, ganye ya yi danƙo tururuwa na hawa da sauka, kullum sai Yaya ta turo min hoto. Abin da muka yi ta yi shi ne wanke su da ruwa mai ƙarfi, inda ya yi muni mu tsinke ganyen mu fitar da shi, in ya zama dole mu fesa ruwan sabulu kaɗan da magariba bayan furanni sun rufe, kuma a kan ganyen da abin ya shafa kawai ba a kan fure ba. Ko ruwan sabulun ma yana kashe ƙwaro mai amfani in ya same shi, shi ya sa ba mu mayar da shi abin kullum ba. Wajen sati na huɗu sai ga 'yan jajayen ƙwarin nan masu ɗigo-ɗigo baƙi a baya, sai kuma wasu 'yan tsutsotsi masu laushi a tsakiyar cincirindon. Yaya ta ɗauka sabuwar annoba ce, alhali tsutsotsin 'ya'yan wani ƙuda ne mai zanen rawaya da baƙi kamar ƙudan zuma, wanda za ka gan shi yana tsayawa cak a iska. Uwar tana yawo a fure tana barbara, 'ya'yan kuma suna cinye masu tsotsar ganye. Feshin da ake yi duk sati har da su yake kashewa, kuma masu ɓarnar sun fi saurin hayayyafa, don haka su suke fara dawowa su tarar da fili ba mai taɓa su, sai a sake feshi, haka abin yake ta juyawa.

Daina feshi dai cire guba ne kawai, bai isa ya kira baƙi ba. Nan ne na zauna na yi musu bayanin abin da ni kaina sai da na karanta na sani. In aka ce ƙudan zuma, tunaninmu yana tafiya wajen masu amya da sarauniya da zuma, alhali a duniya akwai nau'in ƙudan zuma kusan 20,000, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma ba sa zaman taro. Mace ɗaya ce take haƙa raminta ita kaɗai, ta tara garin fure ta dunƙula, ta yi ƙwai a kai ta rufe. Wajen kashi 70 cikin 100 a cikin ƙasa suke gida, sauran a ramin itace ko cikin kara. Mai amya yana iya tafiyar kilomitoci neman fure, amma ƙananan nan da yawansu 'yan ɗaruruwan mita ne iyakarsu, ke nan in babu wurin kwana kusa da lambunka ba za ka gan su ba ko da ka cika shi da fure. To ka duba lambun Yaya, rabi siminti, sauran rabin kullum ana kaftu ana ban ruwa ana shara, ba busasshen kara ba guntun itace. Ko da ba a feshi, ina za su zauna?

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, don kowa ya ji maganar lambun ƙudan zuma fure yake tunawa, ba ya tuna gida. Mun ware kusurwa ɗaya da rana ke bugu sosai, kamar mita ɗaya, muka ce nan ba kaftu ba ban ruwa ba shara, ƙasa tsirara kawai. Muka jingina wani tsohon gungumen itace a jikin katanga. Sannan na haɗa damin gora da kara masu rami na rataye. A nan na yi kuskure, na yanka su gajeru kuma ramin ya fita ta kowane gefe, na rataye inda ruwan sama ke dukansu, wata guda ba abin da ya shiga sai tururuwa da funfuna. Na sauke na sake, wannan karon tsawon kamar santimita 15, kowane ɗaya bayansa a toshe da gaɓar karan, faɗin ramukan daban-daban daga milimita 3 zuwa 10, na goge bakinsu don kada tsinke ya yage musu fiffike, na sa a ƙarƙashin inuwar rufi suna kallon gabas, na ɗaure tamau yadda iska ba za ta kaɗa su ba. Irin wannan dami yana son a riƙa canja karan bayan shekara ɗaya ko biyu, in ba haka ba cuta da ƙananan ƙwari masu cin 'ya'yan sai su taru a ciki.

Sai fure. Furannin adon Yaya masu cunkushewa suna da kyau a ido amma kusan ba komai a cikinsu, don irin waɗannan an yi ta zaɓen irinsu ne har sassan da ke ba da gari suka koma ganyen fure, ƙwaro ya sauka bai ga ƙofa ba. Na ce mata ƙa'idar mai sauƙi ce, in kin kalli fure kin ga tsakiyarsa a buɗe to ƙudan zuma ma zai gani. Ba ta yarda ta rabu da su duka ba, ta ce biyu dai sai an bar mata, kuma gaskiyarta, lambunta ne, dole ita ma ta ga abin da take so. Sauran tukwanen da bakin katanga muka zuba furen rana, da ziniya mai falle ɗaya, da kosmos, da riɗi, muka bar ɗaɗɗoya ta yi fure maimakon a yi ta tsinke kanta, muka dasa zogale a gefen da ba zai yi wa tumatir inuwa ba. Ba mu warwatsa su ɗaya nan ɗaya can ba, kowane iri muka tara shi wuri ɗaya, saboda ƙudan zuma in ya fara da fure iri ɗaya ya fi son ya yi ta binsa, kuma tarin launi ɗaya ya fi saurin jan ido daga sama. Wajen launi ma akwai magana, Karl von Frisch, masanin nan ɗan Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, shi ya nuna cewa ƙudan zuma suna bambance launi, kuma shi ya fassara rawar da suke yi a amya don su nuna wa 'yan'uwansu inda fure yake. Suna ganin shuɗi da rawaya sosai, har da wani haske da idon mutum ba ya gani, amma ja ba ya fito musu. Malam-buɗe-littafi kuwa yana zuwa wa ja, kuma yana son fure mai faɗi da zai samu wurin tsayawa. Mun kuma raba shukar, kashi ɗaya yau, wani bayan sati uku, don kada su yi fure lokaci ɗaya su ƙare lokaci ɗaya.

Ruwa bai ba mu wahala ba. Faranti mara zurfi, aka cika shi da tsakuwa, ruwan ya tsaya ƙasa da kan tsakuwar don su samu wurin sauka kada su nutse, ana zubarwa a sake duk bayan kwana biyu saboda sauro. Gefensa muka bar ɗan wuri mai laima, malam-buɗe-littafi yana son tsotsar jiƙaƙƙiyar ƙasa don gishirin da ke ciki.

Rigimar da ban zata ba a kan lemun tsami ta taso. Wata rana Yaya ta kira hankali tashe wai tsutsa na cinye mata bishiya. Na je na ga wasu 'yan abubuwa a kan sabon ganye, baƙi-baƙi da fari, in ba ka lura ba sai ka rantse kashin tsuntsu ne, gefe kuma ga manya biyu kore shar masu kauri kamar ɗan yatsa. Na ɗan taɓa ɗaya da tsinke, sai ta fito da wani abu mai reshe biyu launin lemo daga bayan kanta, wani wari mai kaifi ya tashi, haka take korar mai son cin ta. Na ce Yaya kin tuna babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya da kika ɗauka a bidiyo kina murna? To 'ya'yansa ne waɗannan. Ta ce, "Kai ƙanina, wannan abin?" Na ce shi. Mutane suna son uwar ba sa son ɗan, alhali ba yadda za a yi a samu ɗaya ba ɗaya. Kuma tsutsar kowane iri tana da ganyen da take ci, ba kowane ganye ba, wannan na dangin lemo ne. Akwai wani mai launin ruwan goro da bakin fiffike baƙi da fari wanda nasa 'ya'yan tumfafiya suke ci, ɗan'uwansa ne ake kira monak a Amurka, mai yin ƙaurar dubban kilomita zuwa Meziko, shi ma 'ya'yansa ba sa cin komai sai ganyen dangin tumfafiya.

Amma ita ma tana da hujja, bishiyar ƙarama ce, tsutsa goma za su iya tsige ta tas. Sai muka yi sulhu, aka bar uku, sauran aka kwashe aka kai kan wata babbar bishiyar lemo da ba za ta ji komai ba. Tumfafiya kuwa na so mu dasa amma muka fasa, saboda farin ruwanta yana da illa in ya shiga ido kuma akwai yara a gidan, sai dai wadda ta fito da kanta a bayan katanga aka daina sare ta. Cikin tsutsotsi ukun nan da aka bari ɗaya ta ɓace, ina jin tsuntsu ne, biyu suka manne a reshe suka ɗaure kansu da ɗan zare suka ƙame. Ƙaramar 'yar Yaya kullum kafin ta tafi makaranta sai ta leƙa. Bayan kamar sati biyu, wata safiya ta tarar da ɗaya ya fito yana rataye a jikin ɓawon, fiffiken a jiƙe a cukurkuɗe, ta tsaya a wurin tana kallo har ya miƙe ya bushe ya tashi, ranar ta makara amma uwarta ba ta yi mata faɗa ba.

Maganar harbi ba zan tsallake ta ba don ita ce tambayar farko da kowa ke yi, kuma an yi harbin sau ɗaya. Yarinyar nan ce ta taka ƙudan zuma ba takalmi kusa da farantin ruwa, laifin inda muka ajiye farantin ne, a bakin hanya. Aka kankare ƙarin da gefen kati, aka wanke aka sa ƙanƙara, kumburin ya sauka washegari, farantin kuma aka mayar da shi can ƙurya. Ƙudan zuma da ke kan fure neman abinci yake, ba ya kula mutum sai an matse shi, inda suke zafi shi ne kusa da amyarsu, mu kuma ba mu sa amya ba kuma ban ba su shawarar sawa ba a ƙaramin gida mai yara. Masu zaman kaɗaicin nan da wuya su yi harbi, mazansu ma ba su da ƙari sam. Amma in aka harbi mutum ya fara kumburin fuska ko leɓe, ko numfashi ya fara yi masa wuya, wannan asibiti ne nan take ba jira.

A damina ta biyu na sake zama a kujerar nan, ƙarfe 7, furanni shida, minti 15. Na ƙirga sauka ashirin da wani abu kafin lissafi ya kuɓuce min, don wani lokacin biyu ne a cikin fure ɗaya suna turereniya, su fito jikinsu rawaya kamar an barbaɗa musu gari. Ba wanda ya sake goga fure da hannu, kabewa ta riƙe 'ya'ya da kanta, kokwamba ta miƙe. A kusurwar da muka bari na ga 'yan ramuka kamar an soka fensir, kowane da ɗan tulin ƙasa a baki. Bakin kara bakwai sun toshe, wasu da laka wasu da ganye, sannan a jikin ganyen wata shuka na ga an yanke da'ira-da'ira sumul kamar da almakashi, aikin wata ƙudan zuma ce mai yanka ganye ta shimfiɗa wa 'ya'yanta ɗaki, shukar ba abin da ya same ta. Abin da ya fi burge maigidan kuwa ƙaton baƙin nan ne mai huda itace, wanda ya tare a gungumen. Ya ga yana kama furen tumatir ya rungume shi ya yi wani irin gunji mai kaifi, ya tambaye ni me yake yi. Furen tumatir garinsa a kulle yake cikin wani ɗan bututu, sai an girgiza shi yake zubowa, kuma ƙudan zuma mai amya bai iya wannan girgizar ba, sai irin waɗannan. Tumatir yana iya yin 'ya'ya da kaɗawar iska ma, amma in ya samu mai girgiza shi ya fi riƙewa. Ruwan shekarar ma ya yi kyau, ya taimaka, sai dai ruwa ba ya ɗaukar gari daga fure zuwa fure.

Abin da ya sa nake ɗaukar ƙaramin lambu irin wannan da muhimmanci, rahoton da kwamitin masana na duniya IPBES ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure, da fiye da kashi 75 na manyan nau'in amfanin gona, suna dogara da barbarar ƙwari da dabbobi ko da wani ɓangare ne. A Jamus kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano nauyin ƙwari masu tashi a wuraren da ake karewa ya ragu da sama da kashi 75 cikin shekara 27. Har an taɓa samun yankuna a lardin Sichuan na ƙasar Sin da manoma suka koma hawa bishiya suna barbarar furen tuffa da hannu, irin abin da na yi wa kabewa biyar, su kuma gona guda.

Ba komai ne ya gyaru ba. Da rani ya yi tsanani furannin suka ƙare kusan lokaci ɗaya duk da rabon shukar da muka yi, wajen sati shida ba abin da ke fure sai zogale da ɗaɗɗoya ɗaya da ke kusa da famfo, lambun ya sake yin shiru-shiru. Malam-buɗe-littafi har yanzu iri uku kawai muke gani. Fitilar da ke kwana a kunne a bayan gida tana tara masu tashin dare suna ta zagaye har su faɗi, alhali su ma suna barbara, an sauya ta da mara haske sosai amma maigidan bai yarda a kashe ba saboda tsaro. Sannan maƙwabcinsu na bayan katanga yana feshi, ranar da ya yi kuma iska ta juyo, washegari Yaya ta tsinci matattun ƙudan zuma huɗu a ƙarƙashin furen rana, ta turo min hotonsu a tafin hannunta ba ta rubuta komai ba.

Ta ce ba za ta je masa da faɗa ba. Ta bari sai da kan furen rana ya bushe, ta murje irin ta ƙulla a takarda, ta haɗa da na ziniya, maigidanta ya kai masa da kansa, ya roƙe shi abu ɗaya kawai, in zai yi feshi ya bari sai magariba kuma ya kauce wa abin da ke fure. Mutumin ya ce zai duba. Famfon feshin gidan Yaya yana nan rataye a bayan ƙofa, yanzu ruwan sabulu ake zubawa a ciki. Satin da ya wuce mun auna wani yanki na simintin da ya riga ya tsage, kamar mita ɗaya da rabi, za a fasa shi kafin ruwa ya sauka, rabi a zuba masu jure rani, rabi a bar shi ƙasa tsirara.